Antoni Janar na Jiha da Manyan Kamfanoni: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan'uwa suka sha yi mini a zaure da bakin kasuwa a nan Garwa ta arewacin Kamaru, musamman ma'abota sauraron rediyo, duk lokacin da aka ba da labarin cewa wata jiha a Amurka ta maka wani hamshaƙin kamfani a kotu ta karɓi diyyar biliyoyin daloli. Na tattara su ne domin abin da yake damun mutanen can, wato ƙarfin kamfani a kan mutum guda, shi ne yake damun mai saye a Marwa da Kusseri da Njamena, sai dai su sun tanadi ofishin da zai tsaya musu.

Wane ne Antoni Janar na jiha?

Shi ne babban lauyan jiha a ƙasar da take bin tsarin tarayya, inda kowace jiha take da majalisar dokokinta da kotunanta da baitulmalinta. Amurka tana da jihohi 50, kowace da nata Antoni Janar, kuma a 43 daga cikinsu jama'a ne suke zaɓensa da ƙuri'a kamar yadda suke zaɓen gwamna. A jihohi biyar gwamna ne yake naɗa shi, a Maine 'yan majalisar jiha ne suke zaɓensa, a Tennessee kuwa alƙalan kotun ƙolin jihar ne suke naɗawa. Saboda haka a mafi yawan jihohi gwamna ba shi da ikon sallamarsa, shugaban ƙasa ma ba ubangidansa ba ne, har yakan faru gwamna ya fito daga wata jam'iyya, Antoni Janar kuma daga wata.

Aikinsa ya kasu gida biyu. Yana ba gwamnatin jiha shawara a kan doka, yana kuma kare ta idan an kai ƙararta. Na biyun, wanda shi ne batunmu, shi ne shigar da ƙara da sunan mutanen jihar baki ɗaya a kan duk wanda ya yaudare su a ciniki, ko ya yi babakere a kasuwa, ko ya gurɓata musu ruwa da iska. Laifuffukan yau da kullum kamar sata da kisan kai, a yawancin jihohi masu gabatar da ƙara na gundumomi ne suke riƙe da su.

Me ya sa wanda aka cuta ba zai kai ƙara da kansa ba?

Domin cutar da babban kamfani yake yi ba kasafai take zuwa wa mutum ɗaya da nauyin da zai sa ya nemi lauya ba. A bara na raka wani kawuna mai sayar da goro ofishin wani kamfanin waya, saboda ya lura cewa kwanaki a jere ana zare masa sefa 50 a kan wasu saƙonni da bai taɓa nema ba, shi da bai yi boko ba balle ya karanta saƙon Faransanci. Muka hau babur biyu, muka zauna a benci tun da hantsi har aka kira sallar azahar. Da layi ya zo kanmu, yarinyar da take bayan gilashi ta duba kwamfuta ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na tsayar maka da shi, amma abin da aka riga aka cire ba ya dawowa." Kawu ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya dube ni ya ce, "Ɗana, tashi mu tafi, kuɗin babur da cinikin da na bari sun fi abin da muka zo nema."

Lissafin kawu daidai ne, kuma a kan wannan lissafin cutar take rayuwa. Sefa 50 ba ta isa a je kotu ba, amma idan aka zare ta daga mutum miliyan ɗaya ta zama sefa miliyan 50 a yini guda. Kamfani yana da lauyoyin da yake biya albashi ko akwai shari'a ko babu, yana iya ɗaukaka ƙara shekara da shekaru, sannan takardun da za su tabbatar da laifin duk suna cikin kabad ɗinsa. A Amurka an ƙara wa mai saye wani shingen, domin kamfanoni da yawa suna sanya sharaɗi cikin yarjejeniyar da mutum yake amincewa da ita ba tare da ya karanta ba, cewa ya yafe zuwa kotu tare da sauran waɗanda aka cuta, kuma a 2011 Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙarfafa irin wannan sharaɗi. Antoni Janar bai sa hannu a kan wannan yarjejeniya ba, saboda haka ba ta ɗaure shi. Amfanin ofishinsa shi ne tattara ƙananan asarorin da kowa ya haƙura da su, ya mai da su ƙara ɗaya mai nauyin da kamfani ba zai iya kau da kai daga gare ta ba.

Da wane iko yake aiki?

Kowace jiha tana da dokar da ta haramta yaudara da rashin adalci a ciniki, kuma galibi Antoni Janar ne aka ɗora wa aiwatar da ita. Mafi kaifin makamansa shi ne ikon aika wa kamfani takardar umarni tun kafin a shiga kotu, cewa ya kawo littattafan lissafinsa da wasiƙun da shugabanninsa suka rubuta wa juna, ya kuma turo ma'aikatansa su amsa tambayoyi bisa rantsuwa. Sau da yawa abin da ya fito daga waɗannan takardu shi yake sa kamfani ya nemi sulhu. Bayan wannan yana iya roƙon alƙali ya dakatar da wata ɗabi'ar kasuwanci nan take, ya sa a mayar wa mutane kuɗinsu, ya kuma ci tarar kamfani a kan kowane saɓa doka ɗaya ɗaya.

Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'idar shari'a da Amurka ta gada daga Ingila, wadda take kallon hukuma a matsayin waliyyin waɗanda ba za su iya kare kansu ba. A 1976 majalisar dokokin tarayya ta ba Antoni Janar na jihohi damar amfani da ita su nemi diyya a madadin mutanensu idan kamfanoni sun haɗa baki sun tsawwala farashi. Asalin wannan faɗa ya girmi shekarar nesa ba kusa ba: tun a 1890 Antoni Janar na Ohayo ya kai kamfanin mai na Standard Oil kotu, shekaru 21 kafin Kotun Ƙoli ta tarwatsa kamfanin zuwa gida 34 a 1911.

Wace shari'a ce ta fi nuna ƙarfin wannan ofishi?

Shari'ar taba sigari. Tun daga shekarun 1950 masu shan taba da suka kamu da ciwon daji suke kai kamfanoni ƙara suna faɗuwa, domin lauyoyin kamfani suna da amsa guda da take gamsar da kotu: babu wanda ya tilasta wa mutumin, shi ya sayi karan ya kunna da hannunsa. A watan Afrilun 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai suka tsaya gaban majalisar dokokin Amurka, suka yi rantsuwa cewa a ganinsu sinadarin nikotin ba ya kama mutum ya kasa dainawa.

A wannan shekarar Antoni Janar na Misisipi, Mike Moore, ya shigo ta wata ƙofa da ba a taɓa bi ba. Ya ce jihar Misisipi ba ta taɓa zuƙar taba ko sau ɗaya ba, amma ita take biyan kuɗin asibitin talakawan da tabar ta kwantar, saboda haka kamfanonin su biya ta abin da ta kashe. Hujjar zaɓin mai shan taba ta rushe nan take, tun da ba shi ne mai ƙara ba. Misisipi tana cikin jihohin da suka fi talauci a Amurka, kuma wannan yana da muhimmanci a wurina, domin ya nuna cewa ba wadatar jiha ce ta ba ta bakin magana ba, doka ce da jami'in da ya yarda ya yi amfani da ita. Sauran jihohi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Shari'ar da Minesota ta yi ta tilasta fito da miliyoyin shafukan takardun sirri, waɗanda suka nuna abin da kamfanonin suka daɗe da sani game da illar hajarsu da kuma yadda suke farautar matasa.

A watan Nuwamban 1998 jihohi 46 suka kulla sulhu da manyan kamfanoni huɗu, wato Philip Morris da R.J. Reynolds da Brown & Williamson da Lorillard, a kan kimanin dala biliyan 206 cikin shekaru 25 na farko. Misisipi da Florida da Teksas da Minesota sun riga sun yi nasu sulhun daban. Yarjejeniyar ta hana manyan allunan tallar taba a bakin hanya, ta kuma hana amfani da zanen barkwanci mai jan hankalin yara. A ganina wannan hanin ya fi kuɗin daraja, domin shi ya taɓa yaron da bai riga ya fara ba.

Batun ƙwayoyi fa, wanda mu ma yake cinye mana matasa?

Duk wanda ya tsaya a tashar 'yan babur a Garwa ko Marwa da sassafe ya san tramol. Na ga yaro wanda bai wuce shekara goma sha bakwai ba ya ɓare ƙwaya daga sacet ya jefa cikin kofin shayi, ya kaɗa da cokali ya shanye kafin ya tayar da babur, mai shayin kuma bai ko ɗaga kai ba domin abin ya zama jiki. Amurka ta shiga irin wannan musiba da magungunan kashe zafi masu sa maye, tun bayan da kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin a 1996 aka tallata shi ga likitoci a matsayin wanda ba ya saurin kama jiki, kuma dubban ɗaruruwan mutane sun mutu.

Abin koyi a nan shi ne inda Antoni Janar na jihohi suka kai hannu. Ba su tsaya kan mai sayarwa a lungu ba, wanda kama shi tamkar barin jaki ne a doki taiki. Sun bi sarƙar har zuwa manyan dillalan da suke rarraba magani, suka tambaye su yadda aka yi ƙaramin gari yake karɓar miliyoyin ƙwayoyi ba su sanar da hukuma ba. A 2021 aka sanar da sulhun dala biliyan 26 da dillalai uku, McKesson da Cardinal Health da AmerisourceBergen, tare da kamfanin Johnson & Johnson, kuma an shardanta cewa aƙalla kashi 85 cikin ɗari na kuɗin a kashe su wajen magance shaye-shayen da jinyar waɗanda suka kamu. Ba kullum ake nasara ba. Oklahoma ta ci shari'a a kan Johnson & Johnson a 2019, aka yanke mata dala miliyan 465, amma a 2021 kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin dungurungum.

Yana taɓa bankuna da kamfanonin intanet?

Yana taɓa su. Bayan rikicin kuɗi na 2008 an gano cewa ma'aikatan bankuna suna sa hannu a kan dubban takardun ƙwace gidajen jingina ba tare da sun karanta ba, kuma a 2012 jihohi 49 tare da gwamnatin tarayya suka karɓi sulhun dala biliyan 25 daga bankuna biyar. A 2022 Google ya amince ya biya jihohi 40 dala miliyan 391.5 saboda bin diddigin inda mutane suke bayan sun ɗauka sun kashe wannan tsari a wayoyinsu. A 2023 jihohi fiye da 40 suka kai Meta, mai Facebook da Instagram, ƙara a kan zargin cutar da yara, a 2024 kuma Teksas ita kaɗai ta karɓi dala biliyan 1.4 daga kamfanin saboda tattara bayanan fuskokin mutane ba da izininsu ba. Waɗannan manhajoji su ne a wayoyin 'ya'yanmu, sai dai diyyar ta tsaya a inda aka sami mai shigar da ƙara.

An taɓa yin irin wannan a ƙasar Hausa?

An yi a Kano. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi Antoni Janar ga kowace jiha, wanda shi ne Kwamishinan Shari'a, sai dai gwamna ne yake naɗa shi kuma yana iya sauke shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a arewacin Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce ya sami amincewa, kuma cutar ce ta kashe yaran.

Sai a 2007, bayan shekaru 11, gwamnatin jihar Kano ta shigar da ƙara, a 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. An ware dala miliyan 35 domin iyalai, miliyan 30 domin ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 domin kuɗin shari'a. A 2011 aka fara biyan iyalai huɗu dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta da aka shardanta domin tabbatar da dangantaka. Jinkirin nan ya jawo asarar da ta wuce Kano. Rashin yardar da lamarin ya shuka yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, kuma cutar ta sake ɓulla a ƙasashe maƙwabta, har da Kamaru da Chadi. Idan hukuma ta yi shiru a kan cutar da aka yi wa mutane, ba su daina jin zafi ba, sai dai su daina yarda da likita na gaskiya ma.

Shin kuɗin diyyar suna isa hannun waɗanda aka cuta?

Ba ko da yaushe ba, kuma wannan ne babban aibin tsarin. Kuɗin taba sun shiga baitulmalin jihohi ba tare da sharaɗin yadda za a kashe su ba, sai majalisun jihohi suka riƙa cike giɓin kasafin kuɗi da su, abin da aka ware wa hana shan taba ya zama ɗan kaɗan. Wasu jihohi ma sun sayar da haƙƙinsu na shekaru masu zuwa domin su karɓi kuɗi a dunƙule. Lauyoyi masu zaman kansu da aka ɗauko bisa yarjejeniyar kaso sun sami biliyoyin daloli. Mutumin da ya rasa huhunsa bai karɓi ko sisi daga wannan sulhu ba, abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan darasi ne ya haifar da sharaɗin kashi 85 a sulhun ƙwayoyi.

Akwai wani abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk waɗannan shari'o'i a sulhu suke ƙarewa, kamfani ya biya ba tare da ya amsa laifi ba, kuma da wuya a ga shugaban kamfani ya kwana a gidan yari. Idan ribar da aka ci ta fi tarar da aka biya, to kamfani zai lissafa tarar cikin kuɗin gudanar da kasuwanci, kamar kuɗin haya ko na wuta.

Ofishin bai zama tsanin siyasa ba?

Ya zama, a wani gwargwado. Bill Clinton ya riƙe muƙamin a Arkansas kafin ya zama gwamna sannan shugaban ƙasa, Kamala Harris ta riƙe shi a Kalifoniya daga 2011 zuwa 2017 kafin ta je majalisar dattawa. Wanda yake hangen kujera ta gaba yana iya zaɓar ƙarar da za ta fito da sunansa a jarida ya bar wadda ta fi amfani, kuma wanda yake neman kuɗin yaƙin zaɓe yana iya karɓa daga kamfanonin da ya kamata ya bincika. Abin da yake rage wannan illa shi ne yawansu. Kamfani yana iya lallashin ofishi ɗaya, amma da wuya ya rufe bakin hamsin, kuma da zarar ɗaya ya fito da takardun sirri sauran sun sami abin kamawa. Haka kuma idan gwamnatin tarayya ta yi sanyi, jihohi ba sa jiran izininta. A 2004 wata hukumar tarayya ta yi ƙoƙarin hana jihohi taɓa manyan bankunan ƙasa, amma a 2009 Kotun Ƙoli ta ce Antoni Janar na jiha yana da ikon kai su kotu a kan saɓa dokar jiharsa.

Muna da irin wannan ofishi a Kamaru ko Chadi?

Ba mu da shi. Kamaru ta yi tsarin tarayya daga 1961 zuwa 1972, yanzu kuwa ƙasa ce dunƙulalliya mai yankuna goma waɗanda shugaban ƙasa yake naɗa gwamnoninsu, kuma majalisun yankuna da aka fara zaɓa a watan Disamban 2020 ba su da nasu lauyan da zai kai kamfani ƙara da sunan jama'ar yanki. Wanda ya fi kama da shi a suna shi ne procureur général, wato babban mai gabatar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara, kamar waɗanda suke Garwa da Marwa da Ngaundare, tare da procureur de la République da yake ƙarƙashinsa. Waɗannan alƙalai ne da ake naɗawa da dokar shugaban ƙasa, suna aiki ƙarƙashin Ministan Shari'a, kuma babban aikinsu gurfanar da masu laifi ne. Chadi ma a kan wannan tsari na Faransa take.

Aikin da Antoni Janar ɗaya yake yi a can, a nan Kamaru an rarraba shi tsakanin hukumomi da dama. Ma'aikatar Kasuwanci tana da jami'an duba farashi da sikeli da kayan jabu, ART tana kula da kamfanonin waya, ARSEL da wutar lantarki, COBAC da bankunan ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa. Akwai dokar gasa ta 1998, da dokar kare masu saye ta ranar 6 ga Mayun 2011. Matsalar da nake gani ita ce, duk waɗannan igiyoyi a babban birni suke haɗuwa, kuma a wasu fannoni gwamnati tana da hannun jari a kamfanin da ake so ta tsawata wa. Manomin auduga a nan arewa yana da mai saye guda, Sodecoton, wanda gwamnati ce take da kaso mafi girma a cikinsa. Ko da kowa yana aiki da gaskiya, tsarin da ya haɗa mai kaya da mai sa ido a gida ɗaya ba ya ba manomi wurin da zai kai kuka idan an sami saɓani.

Kotunanmu sun taɓa hukunta babban kamfani kuwa?

Sun taɓa. Kundin hukunta laifuffuka na Kamaru da aka sabunta a watan Yulin 2016 ya tanadi cewa ana iya kama kamfani da laifi, ba ma'aikacinsa kaɗai ba. Watanni uku bayan haka, ranar 21 ga Oktoba, jirgin ƙasa da ya taso daga Yawunde zuwa Duwala ya kauce daga layi a Eseka, mutum 79 suka rasu bisa ƙididdigar hukuma, kuma a 2018 kotu ta sami kamfanin Camrail da wasu jami'ansa da laifin kisa ba da gangan ba. Mu da muke hawa jirgin wannan kamfani daga Ngaundare mun bi shari'ar da zuciya ɗaya.

A Chadi gwamnati ta dakatar da aikin kamfanin mai na ƙasar Sin, CNPC, a 2013 saboda malalar ɗanyen mai, ta ci shi tarar dala biliyan 1.2 a 2014, aka daidaita a kan dala miliyan 400. A 2016 wata kotu a Njamena ta yanke wa gamayyar kamfanonin da ExxonMobil yake jagoranta tarar kusan dala biliyan 74 a kan saɓanin kuɗin da ya kamata su biya gwamnati, adadin da ya ninka tattalin arzikin ƙasar sau da yawa, daga baya aka yi sulhu a 2017. Waɗannan sun nuna cewa ƙarfin yana nan idan gwamnati ta ga dama. Bambancin shi ne, a shari'o'in man nan gwamnatin tsakiya ce take neman haƙƙinta, ita ce take yanke shawarar lokacin da za ta fara da lokacin da za ta sasanta, kuma mutanen ƙauyen da man ya malala a gonakinsu ba su ne suke zaune a teburin sulhu ba.

Matsa wa kamfanoni ba zai kori masu zuba jari ba?

New York da Kalifoniya da Teksas suna cikin jihohin da Antoni Janar ɗinsu suka fi kai kamfanoni ƙara, kuma su ne cibiyoyin kasuwancin Amurka. Abin da ɗan kasuwa na kirki yake gudu shi ne hukuncin da ba a san inda zai faɗo ba, da jami'in da yake amfani da doka domin neman na goro. Wanda yake sayar da man gyaɗa tsantsa shi ne na farko da mai algus yake karya wa kasuwa, saboda haka hukunta mai algus kariya ce gare shi.

To mutum a Garwa ko Marwa ko Njamena me zai yi yau idan kamfani ya cuce shi?

Ya fara da riƙe shaida: rasit, da kwalin kayan mai ɗauke da lamba da ranar lalacewa, da saƙon waya da ya nuna an cire kuɗi, da takardar yarjejeniya ko da bai iya karanta ta ba. Ya rubuta wa kamfanin koke a takarda, ko ya sa a rubuta masa, ya kai kwafi biyu, a buga masa hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ya dawo da ita gida, domin maganar baki a gaban kanta ba ta barin sawu. Idan ba a amsa ba, ya kai wannan kwafi ofishin Ma'aikatar Kasuwanci na yankinsa, ko hukumar da take kula da fannin. Idan abin ya kai ga zamba ko kayan da suka cutar da lafiya, ana kai ƙorafi wurin procureur, kuma doka ta ba wanda aka cuta damar shiga shari'ar ya nemi diyyarsa.

Abin da ya fi wannan duka shi ne kada ya tafi shi kaɗai. Dokar 2011 ta Kamaru ta amince ƙungiyoyin masu saye su shigar da ƙara domin kare muradin jama'a, ta kuma tanadi kwamitocin sasanta irin wannan saɓani a matakin ƙaramar hukuma. Wannan ita ce ƙofa mafi kusa da muke da ita ga aikin da Antoni Janar yake yi a can, wato mai da ƙananan asarori ƙara ɗaya. Muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan babur da na manoma da na mata masu adashe, kowace da shugabanta da littafin sunayen mambobinta, kuma abin da ya rage shi ne a ƙara littafi na biyu wanda za a riƙa rubuta wanda aka cuta, da ranar, da adadin, da shaidar da ya kawo. Bayan mun dawo daga ofishin wayar nan, kawu ya ba da labari a rumfarsa, kafin la'asar mutum shida a layin 'yan goro kaɗai suka miƙo mini wayoyinsu in duba musu, na kuwa tarar da saƙon cire sefa 50 ɗin a cikin huɗu.